Idan 'yar mesarka ta rame ta daina cin abinci

Wannan bayani na ƙaramar mesar nan ce mai dunƙulewa idan ta tsorata, wadda asalinta Afirka ta Yamma ne, ake kuma kiwonta a gida.

1. Kafin ka yi zancen abinci, duba zafin akwatinta. Gefe ɗaya ya kai digiri 31 zuwa 32, ɗayan kuma 25 zuwa 27. Maciji ba ya narkar da abinci a cikin sanyi, kuma yawancin matsalar daga nan take farawa, musamman lokacin hunturu.

2. Sa mata maɓoya a kowane gefe da kwanon ruwa mai tsabta. Ka daina ɗaukarta, ko da baƙi sun matsa sai sun gani.

3. Auna ta da ƙaramin sikeli duk mako, ka rubuta.

4. Da daddare, ka miƙa mata mataccen ɗan ɓera mai ɗumi, wanda bai fi kaurin tsakiyar jikinta ba, da dogon hantsaki. Na kiwo nake nufi, ba na rumbu ba, don wataƙila na rumbun ya ci guba. In ta ƙi, bar ta sai bayan mako. In ta yi amai, jira mako 2.

5. Kada ka yi mata ɗura da kanka. Idan ƙashin bayanta ya fito zuru-zuru, ko tana numfashi baki buɗe, ko majina na kumfa a bakinta, kai ta wurin likitan dabbobi a ranar.

Wanke hannunka da sabulu duk sanda ka taɓa akwatin.