Yadda Ake Kula da Filin Ƙwallo, Bishiyoyi da Lambun Makarantar Kwana a Gombe

Kafin mai makaranta ya sayi injin yankan ciyawa ko ya ɗauki mai lambu, ya fara zama ya yi lissafin ruwa. A Gombe damina takan kankama a watan Yuni, ta yi ƙarfi a Agusta, ta ɗauke wajen farkon Oktoba. Daga nan har Mayu duk wani tsiro da ke harabar makaranta ya dogara ne da rijiyar burtsatse, wadda da ita ɗalibai ke wanka da alwala, da ita kuma ake girki.

Ruwa milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ne. Cikakken filin ƙwallo mai tsawon mita 105 da faɗin mita 68 murabba'in mita 7,140 ne. In ana so ciyawarsa ta zauna kore shar da bazara, sai ta sha wajen milimita 5 kullum, wato lita 35,700 a yini. Tanka mai ɗaukar lita 10,000 sai ta yi sawu huɗu. In aka ƙiyasta lita 50 ga kowane ɗalibi a yini, ruwan yara 700 ke nan ciyawa ta shanye. Don haka shawararmu ga yawancin makarantu ita ce su haƙura da koren fili da rani. A yi shuka da gyara da damina, ɗan ruwan da ake iya warewa da rani kuma a ba ƙananan bishiyoyi da lambu.

Filin ƙwallo

In sabon fili za a fitar, a miƙe tsawonsa daga kudu zuwa arewa. Wasan makaranta bayan la'asar ake yin sa, kuma filin da ya miƙe gabas da yamma yana sa rana a idon gola ɗaya har a tashi. Ba dole ne a kai girman filin wasa na Pantami ba. Dokar ƙwallo ta yarda da tsawo daga mita 90 zuwa 120, faɗi daga 45 zuwa 90. Mita 90 da 55 ya ishi makarantar sakandare, ya kuma rage kusan kashi ɗaya cikin uku na taki da aikin yanka.

Tun ran gini ran zane: gangaren fili shi ne abin da ba ya gyaruwa cikin sauƙi in ciyawa ta riga ta kama. Ana so ƙasa ta sauka santimita 1 a kowace mita, ko dai daga tsakiya zuwa gefe biyu, ko daga gefe ɗaya zuwa ɗayan. A fili mai faɗin mita 55, tsakiya za ta ɗara layin gefe da wajen santimita 27. Ba sai da na'urar safiyo ba; siririn tiyo mai garai-garai da aka cika da ruwa, irin wanda magina ke daidaita gini da shi, da turaku da igiya sun wadatar. A ƙasan gangaren a haƙa lambatu, a shimfiɗa masa dutse ko siminti, a kai shi har inda zai haɗu da babbar magudana. Kada a sake shi a bayan katanga. Ƙasar cikin garin Gombe rairayi ya yi mata yawa, kuma ruwan da aka tara aka sake wuri guda shi ke fara ɗan rami wanda bayan damina biyu ko uku zai zama kwari ya ci gindin katanga. Makarantar da ke kan baƙar laka mai tsagewa da rani kuwa matsalarta daban ce: ruwa ba ya nitsewa, fili yana zama caɓi. Nan sai an riƙa zuba yashin rafi da ruɓaɓɓen taki a sama shekara bayan shekara.

Ciyawar da ta fi dacewa ita ce kiri-kiri. Tana yaɗo ta sama da ta ƙarƙashin ƙasa, tana jure taku, da rani ta bushe kamar ta mutu, da ruwan fari ta farfaɗo. Ba a buƙatar sayen iri. A samo jijiyoyinta daga fadama ko bakin rafi, a tsince aya-aya da ta biyo ta, a ja layuka da fartanya tazarar santimita 25, a jera jijiyoyin a rufe rabinsu, a tattake. Wannan aikin ƙarshen Yuni ne ko farkon Yuli, bayan ƙasa ta jiƙu sosai. Takan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin ta haɗe, kuma a tsawon lokacin ba a taka filin. A nan yawancin ayyukan ke lalacewa: an dasa ciyawa, bayan mako uku malamin wasanni ya nemi fili don atisaye, aka ba shi. A yi magana da shi tun kafin a fara, a ware wa yara wani fegi na wucin gadi. Dogon hutun ƙarshen shekarar karatu yana faɗowa daidai tsakiyar damina, shi ne lokacin da fili ke samun hutu ba tare da rigima da kowa ba.

Wajen yanka, a tsayar da injin a santimita 3 zuwa 4, kuma kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawa a yanka guda. Da damina wannan na nufin yanka kowane mako. In aka bar ta ta kai gwiwa sannan aka aske ta ƙasa-ƙasa, sai kara ya rage ba ganye, fili ya yi ja, ciyayin banza su samu ƙofa. Kafin a tayar da inji a bi fili a tsince duwatsu, domin wuƙar na harba tsakuwa da ƙarfin da zai fasa ido. Wuƙa mai dakushi yaga ciyawa take yi maimakon yanka. In aka ga bakin ganye ya yi fari-fari kwana ɗaya bayan yanka, a wasa ta. Yankan ƙarshe na Oktoba a ɗaga injin zuwa santimita 5 ko 6, don ciyawar ta shiga rani da abin da zai rufe ƙasa daga iskar hunturu.

Taki sau biyu ya isa. Da ciyawa ta tashi a Yuni a watsa NPK 15-15-15 giram 30 a kowane murabba'in mita, wato buhu uku masu kilo 50 ga fili mai mita 90 da 55. A farkon Agusta a bi da yuriya giram 10 a murabba'in mita, buhu ɗaya ke nan. A raba takin gida biyu, a watsa rabi ana tafiya ta tsawo, rabi ta faɗi, in ba haka ba fili zai fito da zane-zane, wani wuri kore wani wuri rawaya. A watsa lokacin da ganye ya bushe kuma ana sa ran ruwa. Yuriya da ta kwana a kan jiƙaƙƙen ganye ta sha rana ƙona shi take yi. Ɗanyen kashin shanu kuwa a guje shi. Yana zuwa da irin ciyayi, yana kiran gara.

Ciyayin da suka fi cutar da yara su ne ƙarangiya da tsidau da kashin yawo, saboda ƙayarsu, ga shi da yawa ba takalmi suke buga ƙwallo. Dukkansu ta iri suke yaɗuwa, don haka a tuge su da hannu a Yuli da Agusta kafin su yi 'ya'ya. Wanda ya bari sai Oktoba ya riga ya shuka na baɗi. Maganin feshi mai kashe kowace ciyawa, irin su gilaifoset, kiri-kirin ma zai kashe. Maganin 2,4-D yana kashe masu faɗin ganye ya bar ciyawa, amma in iska ta kwashe shi zuwa lambu, tumatir da kuɓewa sun tafi.

Gaban raga da tsakiyar fili su ke fara zama sanƙo, domin taku yana danne ƙasa har ruwa da saiwa su kasa shiga. Da an yi hutu a bi wuraren da cokalin haƙa mai yatsu, a soka zurfin santimita 10 zuwa 15 a kowane tsawon tafin ƙafa ɗaya, a ɗan girgiza. A tankaɗe yashi da ruɓaɓɓen taki a baza kaurin da bai wuce santimita 1 ba, baro 12 zuwa 15 ga murabba'in mita 100, a ja da manjagara ya shiga ramukan, sannan a sake dasa jijiyoyi. Atisayen bugun raga na yau da kullum a riƙa yin sa a gefe. Ranar ziyarar iyaye kuma kada a bari motoci su hau fili, musamman in an yi ruwa. Ɓarnar yini ɗaya ta fi ta zango guda na wasa.

Don fitar da kusurwa daidai, a auna mita 9 a kan layi ɗaya, mita 12 a kan ɗayan. In tsakanin alamomin biyu ya ba da mita 15, kusurwa ta tsaya. Bayan an kafa turaku huɗu a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu, dole su zo ɗaya. Da'irar tsakiya mita 9.15 ce daga ɗigo, wurin bugun fanareti mita 11 daga layin raga, babban gidan gola mita 16.5, ƙarami 5.5, raga kuma faɗin mita 7.32 da tsayin 2.44. A binne guntayen bututun roba a kusurwoyi daidai da ƙasa don kada a sake awo kowace shekara. Layi a ja shi da farin fenti mai ruwa da aka tsinka, faɗinsa kada ya wuce santimita 12. Masu zuba baƙin mai suna kashe ƙasar wurin, masu haƙa layi da fartanya kuma rami suke tanadar wa idon sawun yara. Sandunan raga na ƙarfe a binne su aƙalla santimita 60 cikin kankare. Yara na son lilo a jikin sandar sama, kuma ragar da ba a kafe ba in ta kife tana iya kisa.

Bishiyoyi

Rami santimita 60 faɗi, 60 zurfi, a haƙa tun Mayu. Ƙasar sama a ware ta, a gauraya kashi biyu nata da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki a mayar. A dasa a Yuli, a cire ledar gaba ɗaya, kada a binne wuyan dashen fiye da yadda yake a leda. A kewaye da keji tun ranar, domin akuya ɗaya da ta shigo ta ɓarakar katanga ta isa ta gama da dashe ashirin. Rani biyu na farko kowane dashe na son lita 20 sau biyu a mako, a zuba a hankali cikin kwarin da aka yi masa, a rufe da busasshen ganye amma kada ya taɓa jikin itacen saboda gara.

Ruwan alwala na masallacin makaranta ba sabulu a cikinsa, kuma sau biyar yake zuba kullum. A ja shi da bututu zuwa layin bishiyoyi maimakon ya kwanta ya tara sauro. Na wanki mai garin sabulu da bilic bai dace da lambu ba.

Darbejiya da maɗaci suna ba da inuwa, suna jure fari, amma a nisanta su mita 8 zuwa 10 daga gini da ramin masai, don saiwarsu na bin danshi ta fasa bututu. Bishiyar turare kada ta kusanci rijiya ko lambu. Mangwaro da gwaiba a kai su can gefen lambu; mangwaron da ke jikin tagar aji, gilashin tagar ne ke biyan kuɗin 'ya'yansa. Lalle yana yin shinge mai kyau. Zaƙami da zurma da bini-da-zugu da tumfafiya kuwa a tumɓuke su duk inda suka fito: uku na farko 'ya'yansu guba ne, ta ƙarshe ruwanta na cutar da ido. A watan Maris, kafin guguwar farkon damina, a zagaya a sassare busassun rassa da waɗanda suka hau rufi ko wayar lantarki, a yanke duk reshen da kauci ya kama.

Lambu da ganyen shara

Kwamin lambu kada faɗinsa ya wuce mita 1.2, yadda hannu zai kai tsakiya ba a taka ba. Alayyahu na isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu, don haka a riƙa shuka kwami ɗaya kowane mako maimakon duka a rana guda. Yakuwa da rama da kuɓewa na damina ne. Latas, karas, albasa da tumatir sun fi son sanyin hunturu. Ganyen da ake sharewa kullum a daina ƙona shi. A yi ramuka biyu zurfin mita 1 nesa da ɗakunan kwana, a jera ganye, ɓawon kayan miya, toka kaɗan da kashin dabbobi, a yayyafa ruwa, a juya duk mako biyu ko uku. Cikin wata uku ya zama taki. Ragowar tuwo da ƙashi kada su shiga, ɓeraye suke kira.

Maciji, wuta da magani

Inda ɓera yake maciji na nan tafe. Jihar Gombe ƙasar kububuwa ce, shi ya sa ma asibitin masu saran maciji na Kaltungo ya yi suna. Mita 10 kewaye da ɗakunan kwana, banɗakuna da kicin ciyawa ta zauna a gajarce duk shekara. A kwashe tarin bulo, tsofaffin kwanukan rufi da karyayyun bencina, itacen girki a ɗora shi kan dandamali, a toshe ramuka, a sa fitila a hanyar banɗaki. Masu aikin ciyawa su sa takalmin roba mai tsawo. In tsautsayi ya faɗa, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure gaɓa tamau. A kwantar da yaron, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take.

A ƙarshen Oktoba, kafin kyasuwa da gamba su bushe, a share faɗin mita 5 a bin katanga ciki da waje, saboda wutar daji da ta masu farautar ɓera. Maganin feshi, man inji da taki su zauna a sito mai kwaɗo, makulli a hannun mutum ɗaya. Feshi aikin babba ne mai safar hannu da takunkumi, da sassafe kafin iska ta tashi, kuma an fi so a bar shi sai hutu. Galan ɗin da ya ƙare a huda shi kafin a zubar, don kada wani ya ɗauka ya zuba ruwan sha.

Ɗalibai na iya shara, tsintar duwatsu, tuge ciyawa da ban ruwa, kowane gidan kwanan ɗalibai da layin bishiyoyinsa. Inji, gatari, tsani da langa-langa a cikin doguwar ciyawa kuwa na ma'aikata ne. Da hunturu a riƙa kakkaɓe matatar iskar injin bayan kowane aiki, in kuma za a ajiye shi har damina, a tsiyaye fetur ɗin da ke ciki a sauya baƙin mai, in ba haka ba kafireto zai toshe ya ƙi tashi a watan Yuni.