Kurakuran da masu zana bishiya a kwamfuta suka fi yi

Duk mai shagon zane a Marwa ko Garwa, a arewacin Kamaru, ya san aikin bishiya ba ya yankewa. Ƙungiyar manoma na son tambari, makaranta na son allon ranar dashen itatuwa, mai sayar da garin kuka na son hoton da zai manna a leda. Sai a buɗe CorelDRAW ko Illustrator, ko Inkscape da ake samu kyauta, a fito da dunƙulallen kore a kan sanda mai ruwan ƙasa. Kuskuren da ya fi kowanne girma ke nan: bishiyar ba ta da suna, ba wanda zai ce ga irinta a garinsu.

Itatuwanmu kuwa kowanne da tsayuwarsa. Kuka gindi ne ƙato da gajerun rassa masu kauri, kuma yawancin rani ba ta da ganye. Goruba tana rabewa biyu, kowane reshe ya sake rabewa biyu, giginya ko tsaye take ƙyam da ɗan kumburi a jikinta. Ana yawan haɗa su biyun nan a mayar da su dabino. Gawo shi ne mai tona asirin mai zane, domin da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar. In ka zana shi cike da ganye a tsakiyar gonar gero mai kore, manomin farko da ya gani zai yi maka dariya, ko da shi ya ba da aikin. Darbejiyar da ta rufe titunan Marwa ma ganyenta jere yake a kan siririn tsinke, yana rinjayowa ƙasa.

Gyaran ba shi da wuya. Ɗauki hoton bishiyar da waya dab da magariba, rana tana bayanta, ka sa shi a manhajar, a shimfiɗar (layer) da ke ƙarƙashin zanenka, ka kulle. Zana kewayenta kawai, ka cika da baƙi. Nuna wa yaron shagonka: in ya faɗi sunanta, ci gaba, in ya yi shiru, launi ba zai cece ka ba.

Sai kaurin rassa. Da yawa suna jan su da layi mai kauri ɗaya daga tushe har ƙarshe, bishiyar ta fito kamar an lanƙwasa wayar lantarki. Leonardo da Vinci ya lura tun ƙarnuka biyar da suka wuce cewa in aka yanke rassan da suka fito daga mararraba ɗaya aka haɗa girman filin fuskokin yankansu, ya kan zo daidai da na uwarsu. A aikace, in gindi ya rabu gida biyu daidai, faɗin kowane reshe wajen kashi 70 cikin 100 ne na gindin, ba rabi ba. A Illustrator, Shift da W na ba ka abin sirantar da layi. A sauran manhajojin ka zana reshen a matsayin rufaffiyar siffa mai tsukewa. Kuka ce kaɗai za ka ƙyale ta karya wannan ƙa'ida.

Akwai kuma masu neman gajeriyar hanya, su sauko da hoto daga intanet su bar manhaja ta bi sahunsa da kanta, wato PowerTRACE a CorelDRAW. Abin da ke fitowa dubban ɗigogi ne a kan layi, fayil ya yi nauyi, tsohuwar kwamfuta ta riƙa daskarewa, ga wuta ba tabbas. Lanƙwasar da waɗannan manhajoji ke aiki da ita, wadda ta ci sunan Pierre Bézier, injiniyan kamfanin Renault, ɗigo biyu da hannayensu, wato ƴan sandunan da ake ja a lanƙwasa layin, sun ishe ta fitar da baka mai kyau. Sa ɗigo inda layi ya sauya alkibla kawai. A Inkscape, Ctrl da L na rage su, amma kada ka yi ta dannawa, zai cinye siffar. Ko da Faransanci manhajarka take, maɓallan nan suna aiki.

Ganye ma haka. Ba a zana shi ɗaya bayan ɗaya. Yi manyan curi uku, mai duhu a ƙasa da ciki, matsakaici, sai mai haske ta gefen da rana take, ka bar ƴan kafofi da ake hango sama ta cikinsu. Ganyen da ake gani sosai a baki-baki kawai za ka sa shi, kuma ka riƙa kwafarsa da Alt da D a Inkscape, don in ka sauya na asali sauran su bi. Juya su, ka bambanta girmansu. Hasken kuma ya fito ta gefe ɗaya, inuwar ƙasa ta faɗi ɗaya gefen.

Sauran na wajen bugawa ne. Koren da ke walƙiya a fuskar kwamfuta RGB ne, wato launin haske, tawadar injin bugawa ta CMYK ba ta kai shi, don haka ka sauya tun da wuri, ka nemi a buga maka ɗan gwaji kafin babban allo. Kunna zaɓin da ke sa kaurin layi ya bi girman zane, in ba haka ba, da ka ƙanƙanta tambarin don kati sai rassan su cushe. In sitika za a yanka, narkar da siffofin da suka hau juna su zama ɗaya, domin wuƙar injin duk layin da ta gani yankawa take. Kuma in za ka tura ta WhatsApp, tura PDF ko SVG a matsayin takarda. Hoton JPG matse shi ake yi, da an faɗaɗa shi zuwa mita biyu gefen ganyen zai farfashe.