Yadda na ƙwato imel ɗina daga hannun masu kutse

Bayan sallar isha'i ƙanwata ta kira ni, muryarta na rawa: "Yaya, wane asibiti aka kwantar da kai? Na ga saƙonka, yanzu zan turo kuɗin." Ni kuwa ina ƙofar gida ina shan shayi. Ashe wani ne ya shige Gmail ɗina, yana bin mutanena ɗaya bayan ɗaya yana roƙo da sunana.

Kwana uku kafin nan Google ya sanar da ni cewa an shiga asusuna da wata na'ura baƙuwa, na share saƙon ban ko karanta ba. In ka ga irin wannan, ko ka tarar da wasiƙun da ba kai ka aika ba, ko Facebook ya turo maka lambar sauya kalmar sirri alhali ba ka nema ba, to mai yiwuwa ɓarawo na cikin gida.

In har kana iya shiga, sauya kalmar sirri nan take, ka sa doguwa wadda ba ka taɓa amfani da ita a wani wuri ba. Tawa lambar wayata ce kawai, kuma ita nake sawa ko'ina. Ta nan aka same ni. In kuma an riga an rufe maka ƙofa, je g.co/recover, amma da wayar da ka saba shiga da ita, kana kuma inda ka saba zama, don Google na la'akari da hakan. Za a tambaye ka kalmar ƙarshe da ka tuna. Rubuta wadda ta fi kusa, kada ka tsallake.

Ga inda mutane da yawa ke yin sake. Na sauya kalmar, na kwanta da murna, ashe mutumin ya bar wa kansa taga. Washegari na buɗe Gmail a kwamfuta, domin manhajar waya ba ta nuna wannan sashe, na shiga Settings, na duba Forwarding da Filters, wato inda ake sa umarnin tura wasiƙu zuwa wani imel da kuma tace su. Sai ga umarnin da ya dasa: duk saƙon da ya zo daga bankina a tura masa, a kuma goge nawa. Jikina ya yi sanyi. Duba naka a tsanake, ka goge duk abin da ba kai ka sa ba.

Daga nan wuce myaccount.google.com, sashen Security. Tabbatar lambar waya da imel na farfaɗo da asusu naka ne, ka kori duk na'urar da ba ka gane ba, sannan ka kunna tantancewa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara tabbatarwa, misali ta wayarka, kafin a shiga. A nan za ka iya karɓar lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowace mai alƙaluma 8. Ni a littafi na rubuta su na ajiye tare da takardun makaranta, saboda ranar da waya za ta ɓace.

Sauran aikin na ƙafa ne da baki. Na je banki da kaina na sauya lambobin sirri, na sauya na Facebook, sannan na kira mutanena da murya, don ba wanda zai sake yarda da rubutu a wannan makon. Ban kai ga wani kawuna da wuri ba. Kafin in kira, ya riga ya tura kuɗinsa, kuma har yau ba su dawo ba.