Yadda Ake Ƙidayar Bushiya da Tauraron Teku a Ciyawar Gaɓar Zanzibar

A Chwaka, gabashin tsibirin Unguja na Zanzibar, idan teku ta janye sai ka ga fili kore shar kamar fadama. Ciyawar teku ce, mai saiwa da fure irin ta tudu. A cikinta dabbobi masu ƙayar fata suke zaune: bushiyar teku, tauraron teku, da wata mai kama da kokwamba da mutanen gari ke kira jongoo bahari. Duk dangi ɗaya ne. Ga yadda ɗalibi zai ƙidaya su, ya kuma gane abin da ke ƙara su ko rage su.

Ka fara da neman izinin bincike, ka kuma gaida sheha, wato mai unguwa, domin filin nan gonar mutane ce. Sai ka duba wata. Teku na cika ta janye sau biyu a yini, amma ta fi yin nisa a kwanakin sabon wata da na cikarsa, lokacin da suke kira bamvua. Ka isa tun ruwa bai gama janyewa ba, sanye da takalmi mai kaurin ƙasa. Akwai baƙar bushiya, Diadema setosum, mai dogayen ƙayoyi da ke karyewa a cikin nama, kada ka yi wasa da ita.

Ka miƙa igiya mai tsawon mita 50 daga gaɓa zuwa wajen teku, ka ƙirga duk abin da ke cikin mita ɗaya hagu da dama. Ka ga murabba'in mita 100 ke nan. Ka yi haka a layi uku aƙalla.

A nan ake bukatar haƙuri. Tauraron Protoreaster lincki ba ya ɓuya, jajayen ƙusoshin bayansa tun daga nesa ake hango su. Bushiyar Tripneustes gratilla kuwa takan lulluɓe kanta da guntayen ganye da ɓawon wuri, har ka wuce ta ka ɗauka shara ce. Sai ka tsuguna, ka buɗa ciyawar da hannu a hankali kamar mai neman ƙwan zabo. Jongoo kan nutse cikin yashi, wani lokaci kashinsa kawai za ka gani, murɗaɗɗen yashi a tare. Kada ka matse shi, don idan ya takura yana fitar da hanjinsa waje.

Ƙidaya ita kaɗai ba ta gaya maka komai, kuma wannan ne matakin da na fi damuwa a kula da shi. Duk bayan mita 5 ka ajiye firam mai kusurwa huɗu, mai faɗin santimita 50, ka rubuta yawan ƙasar da ciyawa ta rufe da kuma irinta. Ciyawar Enhalus ganyenta dogo ne kamar ɗamara, Thalassia gajere mai lanƙwasar lauje. Ka damƙi ƙasar ka murza, ka ji ko yashi ce ko laka. Ka auna zafin ruwa da gishirinsa. Ruwan teku na ɗauke da kusan giram 35 na gishiri a lita, kuma waɗannan dabbobi ba sa iya daidaita gishirin jikinsu, shi ya sa ruwan daɗi ke wahalar da su. Ruwan masika, wato babbar daminarsu daga Maris zuwa Mayu, yana iya sauya lissafinka a wuraren da ke kusa da gaɓa.

Sai ka ɗora lambobin nan kan juna. Idan bushiya ta yi yawa, ga karan ciyawa tsirara ba ganye, kiwo ne ya wuce kima, abin da aka taɓa gani a Chwaka da gaɓar Kenya. Tambayi masunta ko kifayen da ke cin bushiya sun ragu a komarsu. Idan kuma ciyawa na nan lafiya lau amma babu jongoo, kada ka ɗora wa ruwa laifi tukuna. Ana busar da shi a kai kasuwannin Sin, har nau'in Holothuria scabra ya shiga jerin masu fuskantar ƙarewa. Matan da ke tsintar abin miya a filin kullum sun san inda yake da inda ya ɓace, ka zauna da su.

Ka yi wa layukanka alama da GPS, ka koma kansu bayan masika a bamvua na gaba.