Kafin ka rage farashi, tambayi Excel tukuna

Mutane in sun ji ana maganar manhajar da ke taya kamfani yanke shawara sai su ɗauka wani ƙaton abu ne na manyan bankuna, alhali tushensa na nan cikin kwamfutarka. Tun 1979 da VisiCalc, wata manhajar lissafi irin Excel, ta fito a kan kwamfutar Apple II abin da ya ja 'yan kasuwa kenan, ka taɓa lamba ɗaya sauran lissafin duk ya gyara kansa. Su Power BI da Tableau, manhajojin nazarin bayanan kamfani, ma in ka tona abu uku ne: bayanai, lissafin da ke juya su, sai allon da kake kallo.

To buɗe Excel mu gwada. A gidan B1, wato akwatin farko a ƙarƙashin harafin B, sa farashin da kake sayar da kaya ɗaya, mu ce 100. B2 yadda ka saro shi, 60. B3 kuɗin da dole su fita ko an yi ciniki ko ba a yi ba, haya da albashi, 4000 a wata. B4 yawan da kake sayarwa, 150. A B5 sai ka rubuta =(B1-B2)*B4-B3, zai ba ka riba 2000. Don Allah kar ka cusa lamba da hannu a cikin fomula, kowace ta zauna gidanta, in ba haka ba wata uku nan gaba kai kanka ba za ka tuna daga ina 60 ɗin nan ta fito ba.

Yanzu shiga Data, danna What-If Analysis, zaɓi Goal Seek, shi ke nemo maka lambar da za ta kai ka ga amsar da kake so. A Set cell sa B5, To value sa 0, By changing cell sa B4. Zai ce maka 100, wato sai ka sayar da guda 100 kafin ka fita daga asara. In ka ga amsar danna Cancel, don in ka danna OK zai goge 150 ɗinka ya zauna a wurin.

Ga inda abin ke da daɗi. Mayar da B1 zuwa 90, ragin kashi 10 cikin 100 kenan, a ido kamar ba komai ko? Sake Goal Seek amma wannan karon To value ka sa 2000. Amsa 200. Kenan sai cinikinka ya ƙaru da guda 50 cur kafin ka dawo inda kake jiya, saboda ribar kowane ɗaya ta faɗo daga 40 zuwa 30, ragin daga ribarka ya fita gaba ɗaya, wanda ya sayar maka ai bai rage maka ko sisi ba.

Goal Seek gida ɗaya kawai yake iya juyawa. In abubuwan sun yi yawa sai Solver, wani kayan aikin Excel mai juya gidaje da yawa lokaci guda, shi kuma sai ka kunna shi a Add-ins.

Saura tambayar da lissafin nan ba zai amsa ba, masu saye za su ɗauki ƙarin 50 ɗin kuwa? Nan sai tsohon rikodin ciniki, ka zuba shi a shafi ɗaya, kwanan wata da sunan kaya da adadi, ka yi Insert, PivotTable, wato teburin da ke tattara maka jimilla, ka duba watan da ka taɓa yin ragi nawa aka ƙaru. Amma fa ka fara tsabtace sunayen, kaya ɗaya in an rubuta shi iri uku to kaya uku zai ƙirga maka. Kuma duk sanda ka ƙara sabon ciniki sai ka danna Refresh, ba ya ɗauka da kansa.