Kafin ka biya kuɗin motar dizal ta hannu

Idan za ka duba motar dizal ta hannu, je ka da sassafe, kuma ka gargaɗi dillali tun da dare kada kowa ya tayar da ita. Kana isa ka ɗaga bonet ka ɗora hannu a kan injin. In ka ji ɗumi, an riga ka, ce masa sai gobe. Injin dizal ba shi da fulogi irin na motar fetur, matse iska yake yi har ta yi zafin da zai kunna man. Shi ya sa injin da ya gaji yake tona asirin kansa da sanyin safiya, amma in ya ɗau zafi sai ya tashi lafiya lau.

Bari wani ya murɗa makulli, ya jira fitilar hita (mai ɗumama cikin injin kafin tashi) ta mutu, sannan ya tayar. Kai kuma tsaya a baya wajen salansa. Ɗan farin hayaƙi da ya fito ya ɓace nan take ba ya damuna. Farin da ya ƙi ɗaukewa shi ne abin tsoro: ko nozul mai fesa mai cikin injin ya lalace, ko ruwa na shiga injin. Shuɗi kuwa baƙin mai take sha, daga ringin fistin ko tobo mai tura iska cikin injin. Baƙi ƙirin in an taka totur, mai ya fi iska yawa. Wani lokacin filtar iska ce kawai ta toshe, wani lokacin nozul ne, kuma kuɗin saitin nozul na injin zamani zai sa ka zufa a kasuwar kayan mota ta Kofar Ruwa a Kano.

Ga gwajin da ba na tsallakewa. Injin na aiki, kwance murfin baƙin mai, ka ajiye shi a bakin ramin ba tare da ka ɗaure ba. In yana ɗan rawa a wurinsa, babu laifi. In iska ta cilla shi gefe, hayaƙi na tuɗaɗowa kamar an buɗe tukunyar dambu, ringin ya tafi, buɗe injin na jiranka. Kada baƙin man ya ruɗe ka don ya yi baƙi, na dizal yana baƙi jim kaɗan bayan juye. Wanda ya yi fari-fari shi ne ya haɗu da ruwa. Murfin lagireto kuma tun injin na sanyi za ka cire shi, ka leƙa bayan an tayar: kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa, gasket ɗin kan injin ne ya lalace.

Lambar kilomita ba na yarda da ita. Mota ta fito daga Kwatano, lamba na cewa 90,000, amma robar feda ta suɗe, sitiyari na sheƙi, kujerar direba ta lotsa. Waɗannan ba sa ƙarya. In mai komfuta ce, biya a jona mata na'ura a karanto laifuffukanta. Takardar kwastan ma ka gwada lambar jikinta da ta jikin motar.

Motocin Turai daga wajajen 2010 zuwa sama suna ɗauke da matatar toka a salansa, DPF, na baya-bayan nan har da tankin AdBlue, ruwan tsaftace hayaƙi. An yi su ne don mai tsaftatacce da doguwar tafiya. In zirga-zirgarka daga gida ce zuwa kasuwa cikin cunkoso, matatar za ta toshe, mota ta daina jan gudu. Ni dai mai irin wannan zirga-zirga fetur nake ce masa ya saya.

To, ka saya. Ɗauka cewa ba a taɓa yi mata sabis ba, komai rantsuwar mai ita. A yi juye, a sauya filtar baƙin mai, ta gas (man dizal) da ta iska, ka rubuta lambar kilomita ta ranar a littafi, daga nan lissafinka zai fara. Littafin mota zai iya cewa kilomita 10,000, amma da ƙurarmu da zafinmu ni 5,000 nake juye, da man da aka rubuta na dizal ne. Lokacin hunturu a riƙa ciro filtar iska ana dubawa.

Sai tayimin bel, wanda ke daidaita motsin bawul da fistin. Hilux mai injin 1KD ko 2KD a kilomita 150,000 ake sauya shi, har fitilar T-BELT ke kamawa, sai dai kashe fitilar ba wuya, wasu kashewa suke yi su bar tsohon bel. In ya tsinke kana tafiya, fistin zai daki bawul, gyaran ya koma na injin gaba ɗaya. Sauya shi tare da tenshina mai ɗame shi a makon farko. Hilux mai 1GD ko 2GD, daga 2015, sarƙa gare ta, wannan bai shafe ta ba.

Gas ɗin bakin hanya kan zo da ruwa, ruwa kuwa shi ke kashe famfo da nozul. A ƙasan filtar gas akwai ɗan murfi. In fitilar gargaɗin ruwa ta kama, tsaya ka sassauta shi ruwan ya zube, har ka ga gas zalla na fitowa, sannan ka ɗaure.