Idan Kare Ya Ciji Mutum: Yadda Ake Neman Diyya da Inda Laifi Ke Hawa Kan Mai Kare

Cizon kare yana buɗe ƙofar shari'a biyu a Najeriya, amma yawancin mutane ɗaya suka sani. Akwai shari'ar laifi, wadda ake kira jinayi, inda hukuma ke tuhumar mai kare, ƙarshenta tara ko ɗauri. Akwai kuma madaniyya, inda wanda aka ciza yake shigar da ƙara da kansa yana neman a biya shi. Ana iya bin duka biyun. Wanda ya kai ƙorafi caji ofis ya koma gida yana jiran kuɗin magani ya biyo shi, sau da yawa jiran gawon shanu yake yi.

Kafin kotu, asibiti. A wanke raunin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, a zuba aidin idan akwai, a tafi asibiti a ranar. Kada a ƙona gashin karen a shafa, kada a cusa garin magani. Allurar haukan kare ana yin ta ranar farko, rana ta 3, ta 7, sannan ɗaya tsakanin ta 14 da ta 28; wasu asibitoci biyar suke yi. Idan haƙori ya huda fata sosai, likita zai iya ƙara wata allurar da ake yi a cikin raunin kansa, ga kuma ta tetanus. Haukan kare idan alamunsa suka bayyana, kusan ba a tashi. Wannan zuwa asibitin shi ne kuma hujjarka ta farko: ka tabbata an rubuta a kati cewa cizon kare ne, da rana, da wurin da ya ciza, da zurfin raunin.

Ka ɗauki hoton raunin kafin a naɗe shi, ka sake ɗauka bayan kwana uku, sannan bayan ya warke ya bar tabo. Rigar da ta yage kada a wanke ta, a saka a leda a ajiye. A ɗauki hoton ƙofar da aka bari a buɗe, ko ramin katanga, ko tsinkakkiyar sarƙa, tun kafin a gyara, don washegari za ka tarar an toshe. Kowane rasit a adana shi, har na allurar da aka saya a kyamis. Kotu tana iya ƙiyasta diyyar zafin ciwo da tabo da kanta, amma kuɗin da ka kashe da ribar da ka rasa sai ka lissafa su ɗaya bayan ɗaya, ka kawo hujjar kowanne.

Babban kuskuren da ake yi shi ne samarin unguwa su taru su kashe karen nan take, a jefa a bola. An rasa abu biyu ke nan: damar sanin ko mahaukaci ne, da damar tabbatar da wanda ya mallake shi, don mataccen kare ba ya da ubangida. Abin da ya dace a tsare shi kwana 10 likitan dabbobi yana duba shi. Idan ya riga ya mutu, likitan zai iya tura kan karen cikin sanyi a gwada, kamar a cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato. Kada wanda aka ciza ya jira sakamako kafin ya fara allura.

A kotun madaniyya, tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: me mai karen ya sani? Dokar da muka gada daga Ingila ta ɗauki kare a matsayin dabbar gida, ba kamar kura ko zaki ba. Don haka sai ka nuna cewa karen yana da halin kai wa mutane farmaki, kuma mai shi ya san da haka. Da zarar ka tabbatar da wannan, cewar "ai na ɗaure shi" ba ta fitar da shi. Ba lallai sai karen ya taɓa cizo ba. Ya isa a ce ya taɓa kai wa mutum cafka ya kuskure. A shari'ar Daryani da Njoku ta 1965, karen ya taɓa cizon 'yar aikin gida, aka gaya wa matar gidan, kotu ta ce sanin matar sanin mijin ne. Saboda haka ka bi unguwa ka tambaya: wa ya taɓa bi? Almajiri, mai tallan koko, ɗan acaɓa? An taɓa kai kuka wurin mai unguwa? Saƙon waya guda da wani maƙwabci ya taɓa tura masa cewa "karenka ya bi yarana" ya fi shaidu goma masu cewa karen mugu ne.

Idan babu wannan tarihin, sauran hanyar sakaci: ƙaton karen gadi da aka saki da rana a layin da yara ke wucewa makarantar allo, ko aka damƙa wa yaro igiyarsa. Kuma ƙara tana hawa kan wanda kare yake hannunsa yana kiwonsa, ko da ba shi ya saya ba. Yaro ƙarami mahaifinsa ko waliyyinsa ne ke shigar masa da ƙara. Kada a yi jinkiri, don a wasu wurare, har da Abuja, wa'adin ƙarar raunin jiki shekara uku ne.

Ta fuskar laifi, dokar final kod, wato kundin hukunta laifuffuka da ke aiki a Arewa tun 1960, ta hukunta wanda ya yi sakaci da dabbar da ke hannunsa har ta zama barazana ga rai ko ta iya yin mummunan rauni. Idan an rasa rai ta hanyar ganganci ko sakaci, tuhumar tana iya zama kisan da ba a yanke hukuncin kisa a kansa, wanda sashe na 224 ya hukunta. Wanda ya cuna wa mutum kare da gangan kuwa, tamkar ya ɗauki makami ne. Wasu jihohi, kamar Kaduna a 2017, sun sake kundinsu, lambobin sassa sun canza, sai lauya ya duba na jiharka. Idan 'yan sanda suka ja ƙafa, ana iya kai ƙorafi kai tsaye gaban majistare. Sashe na 78 na tsohon kundin ya ba alƙali ikon sa wanda aka samu da laifi ya biya diyya, amma ka tunatar da mai gabatar da ƙara ya roƙa, ka ba shi rasit ɗinka. Hujjar da ake buƙata a laifi ta fi tsanani, sai an kawar da kokwanto. A madaniyya rinjaye kawai ake dubawa. Shi ya sa a kan sallami mutum a can, a nan kuma a ce ya biya.

A kotun shari'ar Musulunci, asali shi ne ɓarnar da dabba ta yi da kanta babu lamuni, kamar yadda ya zo a hadisi. Amma malaman Malikiyya sun ware kare mai cizo. Wanda ya ajiye shi inda ba a yarda ba, yana lamunce abin da ya ɓata. Wanda ya ajiye shi don buƙatar da aka halatta, lamuni yana hawansa idan an gargaɗe shi bai ɗauki mataki ba. A nan ma gargaɗi ne ginshiƙi, don haka maƙwabcin da ke tsoron wani kare ya yi gargaɗin yau, a gaban shaidu biyu ko mai unguwa, kada ya bari sai an kwantar da yaro.

Mai kare ma yana da kariya. Wanda ya haura katanga da dare, ko babba da ya jefi kare yana kwance, da wuya ya samu komai, ko a rage masa gwargwadon laifinsa. Amma allon da aka rubuta "a yi hattara da kare" kaifi biyu gare shi: yana gargaɗin baƙo, yana kuma iya zama shaidar cewa ka san halin dabbarka, kuma ba ya aiki a kan yaron da bai iya karatu ba. Idan karenka ya yi cizo, ka tsare shi, ka fito da katin rigakafinsa, ka biya kuɗin allurar farko ba tare da gardama ba, ka karɓi rasit. Ɓoye kare ko kai shi ƙauye cikin dare yana ƙara maka nauyi ne a idon alƙali.

Galibin waɗannan rigingimu a zauren mai unguwa suke ƙarewa, kuma babu aibi. Sai dai kada a rufe magana a ranar farko, lokacin da ba a san ko raunin zai ruɓe ko jijiya ta taɓu ba. A bari a gama allurai. A rubuta yarjejeniyar: adadin kuɗi, ranar biya, wanda zai ɗauki nauyin magani idan ciwo ya dawo, da abin da za a yi da karen. Kowa ya sa hannu tare da shaidu biyu, kowane ɓangare ya riƙe kwafi, a bar na uku wurin mai unguwa.